Ƙanwata da BPD: miji bai ɗaga waya ba, ta haɗa kaya

Ummu Sadiq:
Slm ƴan uwa, dan Allah ina neman shawara ko wanda ya san wani abu a kan wannan. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 24, aurenta na biyu kenan kuma shi ma yana rawa. Ranar Laraba mijinta ya tafi Abuja aiki, ta kira shi sau biyu bai ɗaga ba don yana cikin mitin, kafin la'asar ta tura masa saƙo sama da talatin, na gani da idona a wayarta, na farko "Allah ya sa ka sauka lafiya", na tsakiya "dama na san ka gaji da ni", na ƙarshe "ka aiko min da takardata". Ta cusa kayanta a gana-mas-go biyu ta taho gidana tana kuka kamar an yi rasuwa. Da magariba ya kira, bawan Allah bai ma san wainar da ake toyawa ba, minti goma da gama wayar sai ga ta tana dariya wai babu miji irin nata a duniya. Haka take da kowa fa, yau ni ce uwarta ni ce ubanta, gobe in na ce ba zan samu zuwa gidanta ba sai ta ce ai dama ban taɓa ƙaunarta ba. Abin da ya fi ɗaga min hankali tabon da na gani a hannunta, ashe ita ke ji wa kanta ciwo in abin ya taso. Mun je asibiti watan jiya, likitan ƙwaƙwalwa ya daɗe da ita sosai ya ce abin da yake gani wani ciwo ne da ke taɓa hali da mu'amala da mutane, ana ce masa BPD, ya ce ba hauka ba ne, kuma ba ƙwaya ce za ta yi aikin ba sai zama da mai sauraronta. Mama ta ce aljanu ne, mijin ya ce shagwaɓa ce, ni kam na rasa ta cewa.

Maman Biyu:
Allah sarki. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki da zumunci.

Baban Walid:
Allah ya sawwaƙe, amma gsky ni ban cika yarda da irin waɗannan sunaye ba. Yanzu komai sai an laƙa masa sunan turanci. Da can in mace ta yi haka yaji ake cewa, a yi biko ta koma ɗakinta shi kenan. Ba auta ba ce kuwa? In auta ce to mijin ya fi likitan gaskiya.

Ummu Sadiq:
Ba auta ba ce Baban Walid. Kuma mai shagwaɓa so take a gani a lallashe ta, wannan ɓoyewa take da riga mai dogon hannu ko ana zafin Afrilu.

Anty Nas:
Ummu Sadiq sannu. Ni nas ce a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa, na daɗe ina ganin irinta. Na farko tukuna, maganar tabon nan kar ki ɗauke ta da wasa, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin, akasin haka ma sauƙi yake ji. In ta ce eh ku koma asibiti a ranar, kar a jira kwanan da aka ba ku. A binciken da aka daɗe ana bin masu wannan ciwon an samu har kusan mutum 1 cikin 10 da suka rasa ransu ta wannan hanyar, ba ƙaramin abu ba ne.

Baban Walid kuma, sunan ba sabo ba ne. Wani likita a Amurka, Adolph Stern, tun 1938 ya fara amfani da kalmar bodalayin, ita ce B ɗin da ke cikin BPD, wato na kan iyaka, don yana ganin marasa lafiya da ba su faɗa cikin masu hauka tuburan ba kuma sun wuce damuwa ta yau da kullum. A 1980 aka shigar da shi littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi. Alamomi 9 ne, sai mutum ya haɗa 5 kuma sun daɗe tare da shi kafin a ce shi ne. Akwai tsoron a guje ka wanda ya wuce misali, akwai ɗaga mutum sama yau a kayar da shi gobe kamar yadda take miki, rai ya riƙa juyawa cikin awa kaɗan, fushi mai wuyar riƙewa, jin kamar cikinka fanko ne ba komai, rashin sanin kai waye ma, aikata abu ba shiri kamar kashe kuɗi ko neman saki, ji wa kai ciwo, sai kuma in damuwa ta yi yawa mutum ya ji kamar ba a jikinsa yake ba ko ya riƙa zargin kowa. Mai yaji ta san abin da take yi, tana da buƙata, in an biya ta koma. Wannan kuwa ita kanta da safe kunyar abin da ta yi jiya take ji.

Maman Biyu:
Anty ba shi ne baifola ba? Wata maƙwabciyata haka aka ce mata.

Anty Nas:
A'a, ana yawan haɗa su kuma kuskure ne mai tsada don maganinsu daban. Mai baifola in ya hau sama sai ya yi kwanaki ko sati ba barci ba gajiya, in ya faɗo ƙasa ya yi makonni, kuma ba lallai wani ya taɓa shi ba. Mai BPD kuwa kusan kullum in ka bi sawu za ka tarar wani ne bai amsa waya ba, ko wani ya canza fuska, kuma kafin dare ya iya wucewa.

Ƴar Samaru:
Bari in sa baki, a kan wannan nake rubuta aikina na digiri na biyu, ku yi haƙuri in na yi tsawo. Abin da Anty ta faɗa a ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar, kullum wani ne na kusa. Ba baƙo a kasuwa ba. Dalili kenan masu bincike suka koma kan shaƙuwa.

Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara kafa hujja cewa jariri ba don nono kawai yake manne wa mai renonsa ba, yana neman wanda in tsoro ya kama shi zai ruga gare shi. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da shi, ita kuma a Uganda ma ta fara gwada abin, a ƙauyukan kusa da Kampala a 1954 tana shiga gidaje tana kallon iyaye mata da jariransu. Daga baya a Baltimore ta tsara wani gwaji na kamar minti ashirin, a shigar da uwa da ɗan shekara ɗaya ɗaki, uwar ta fita ta dawo, a ga me yaron zai yi in ta dawo. Wani ya yi kuka ta ɗauke shi ya yi shiru ya koma wasa. Wani ya kau da kai kamar bai damu ba. Wani kuma ya ruga ya maƙale ta yana kuma dukanta, an ɗauke shi amma ya ƙi lallasuwa. A 1986 aka ƙara kashi na huɗu, yaron da zai taho wajen uwar sai ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki ko ya juya baya, don wadda yake gudu wajenta ita ce kuma yake tsoro. Manya masu BPD in an auna su galibi a cikin biyun ƙarshen nan suke faɗowa. Ku sake karanta saƙonnin ƙanwar Ummu Sadiq, "Allah ya sa ka sauka lafiya" da "ka aiko min da takardata" duk a yini ɗaya, maƙalewa da duka ne a lokaci guda.

Sai Peter Fonagy da Anthony Bateman a Landan suka ƙara wani abu da suke kira mentalaizin. Ni dai da Hausa ina ce masa auna zuciya, wato ka iya tsayawa ka ce me ke raina yanzu, me kuma zai iya zama a ran wancan, kana sane cewa hasashe kake yi, ba ka ga cikinsa ba. Suka ce ba a haifar mutum da wannan a kammale, koya ake yi, kuma a hannun mai reno ake koya. Yaro na kuka, mai goyonsa ta ce "ayya, yunwa ce ko? a'a barci kake ji", tana kwaikwayon fuskarsa amma ita ba ta ruɗe ba. A fuskarta yake fara gane sunan abin da yake ji. Wanda bai samu wannan ba yana iya girma da basira lafiya lau, har ya fi kowa saurin lura da canjin fuska, amma da zarar na kusa da shi ya yi kamar zai kuɓuce sai ma'aunin ya mutu gaba ɗaya kamar an ɗauke nefa.

Hajiya Babba:
To ƴata na ji bayaninki, amma ashe dai a kan uwa za a sauke laifin kenan? Mu da muka haifi ɗan fari ko sunansa ba ma faɗa, ba ma ɗaukarsa a gaban mutane, ba ma yi masa wasa, nono ma sai an fita. Nawa na fari yau shekararsa 41 da iyalinsa lafiya ƙalau. In maganar turawan nan gaskiya ce ai da duk ƴan farin ƙasar Hausa suna Dawanau.

Baban Walid:
Hajiya kin gama magana wlh 😂

Ƴar Samaru:
Hajiya Allah ya ƙara girma, tambayarku ma an taɓa yin ta kuma a kanmu aka yi. Robert LeVine da matarsa Sarah da abokan aikinsu sun zauna a arewacin Najeriya sun bi jarirai Hausawa 18, aka buga sakamakon a 1977. Abin da suka gani kowane yaro yana da masu kula da shi uku zuwa huɗu da ya shaƙu da su, amma akwai guda ɗaya da ya fi ruga wa, kuma ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da goya shi, ba lallai mahaifiyar ba. LeVine ɗin ma ya riƙa kawo kunyar ɗan fari ta Hausawa a matsayin hujja a kan ƴan uwansa turawa da ke cewa dole sai uwa ita kaɗai. Ni tambayata gare ku Hajiya, lokacin da kuke kunyar nan wa ke riƙe da shi?

Hajiya Babba:
Kakarsa mana, uwar mijina Allah ya ji ƙanta. A bayanta ya girma, ko tari ya yi ta san na mene ne. Har ya yi aure Inna yake ce mata, ni kuwa Yaya.

Ƴar Samaru:
To shi kenan Hajiya, ya samu. "Ko tari ya yi ta san na mene ne", wannan shi ne duk abin da Fonagy ke faɗa a littafi guda.

Ummu Sadiq:
Kai. Na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Ni na girma a wajen kakarmu tun yaye har aure. Ita kuwa tana da shekara biyu auren Mama da Baba ya mutu, aka karɓe ta aka kai wa goggonmu, shekara ɗaya da wani abu goggo ta yi aure aka dawo da ita gidan Baba hannun amaryarsa, ita ma ta fita, wata ta shigo, daga nan aka kai ta Gusau wajen wata ƴar uwar Baba, sai tana da tara Mama ta karɓo ta. Hannu biyar kenan. Ba wanda ya taɓa dukanta na ƙeta a iya sanina, ana ba ta abinci ana mata ɗinkin sallah, amma ina tunawa in an kawo ta hutu ba ta taɓa cire kayanta daga leda, a ƙarƙashin filo take ajiyewa. Muna mata dariya lokacin.

Maman Biyu:
Innalillahi. Leda ta zama gana-mas-go.

Baban Walid:
Ni ba ina musu don musu ba ne. Amma ni ma shekara shida aka kai ni gabas karatun allo, ba uwa ba uba ba kaka, mun kwana a zaure mun yi bara, da yawa cikinmu yau ƴan kasuwa ne da iyali. Me ya sa mu ba mu zama haka ba? In rashin mai riƙo ne ai mun fi ta.

Anty Nas:
Tambaya mai kyau, kuma nan ne nake ɗan saɓa wa Ƴar Samaru, masu karatun shaƙuwa wani lokaci suna yi kamar reno ne komai. Akwai gado a ciki. Wani babban bincike a Suwidin da ya bi rajistar iyalai ya ƙiyasta gadon ya kai kashi 46 cikin 100. Wato wani an haife shi da rai mai saurin kamawa da wuyar hucewa, in ya faɗa hannun da ake ce masa "me aka yi miki da za ki yi kuka, rufe mana baki" to abin ya haɗu. Wani kuma mai sanyin rai ne zai bi ta wannan hanyar ya fita da ɗan tabo kawai. Akwai kuma masu BPD da suka taso gidan da ba abin da za ka nuna ka ce ga laifi. Kuma Baban Walid kai shida aka kai ka, ka riga ka san fuskar da ke taka, ita biyu ce. Sannan cikin abokan karatun naku ka san labarin kowa? Maza ba sa zuwa mana da kuka, a asibiti kusan uku cikin huɗu na masu wannan sunan mata ne amma in an shiga gari an auna sai a ga mazan ba su da nisa, su dai nasu ta shaye-shaye da faɗa da saki barkatai yake fita, sai a same su wajen ƴan sanda maimakon wajenmu.

Baban Walid:
Wannan na ƙarshen kam akwai gaskiya. Na san mutum biyu.

Ƴar Samaru:
Anty ban musa ba, Fonagy ɗin ma bai ce reno kaɗai ba ne. Kuma ban kawo maganar don a je a tuhumi Mama ba, ita ma ƙwace mata ƴar aka yi.

Admin:
Wata ƴar uwa ta turo min wannan ta inbos ta ce in sa ba suna. Dan Allah a kiyaye harshe.

"Ni ina da shi, shekara huɗu da aka faɗa min. Ina so in gaya wa Ummu Sadiq yadda abin yake daga ciki don na ga kowa daga waje yake magana. In mijina bai amsa saƙona ba kuma na ga alamar ya karanta, ba wai ina zargin ya daina sona ba ne. Sani nake. Kamar yadda na san yau Asabar. In kika ce min ƙila yana mitin sai in ji kamar kin ce min ƙila wuta ba ta ƙuna, har haushinki zan ji don kin raina min hankali. Kuma a lokacin ba kalmar da za ta shige ni, ko ya rantse da Alƙur'ani, sai dai in ga abu da ido, ya bar aikin ya dawo gida, ko ya yi ta kira har sau goma, shi ne zan yarda. In bai yi ba to hujjata ta tabbata. Ciwon da nake ji wa kaina ma wani lokaci don abin da ke ciki ba shi da suna ne ba shi da wuri, in ya dawo a fata aƙalla na san inda yake. Na daina yanzu alhamdulillah, wata goma sha huɗu.

Wani abin kuma da ba a faɗa, akwai ranakun da zan zauna in yi awa biyu ina bayanin matsalata tiryan-tiryan kamar lakca, yarintata da komai, kowa ya ce kai wannan ai ta gane kanta ta warke, alhali ba abin da nake ji, kamar labarin wata nake bayarwa. Daren ranar zan iya fasa waya.

Asibitin farko da na je magani kala biyar aka rubuta min, na yi ƙiba na yi ta barci, saƙon da ba a amsa ba kuma yana nan yana jirana in na farka. Wadda ta taimake ni wata mai ba da shawara ce da ba ta taɓa ce min ba haka ba ne. Cewa take, tsaya, mu koma baya, kafin ki tura saƙo na uku me ya faru a ƙirjinki? Na tsani tambayar nan wlh. Amma ita ce."

Ƴar Samaru:
Allahu akbar. Ƴar uwa ba suna, abin da kika rubuta su ne hali uku da Bateman da Fonagy suka ce mutum na faɗawa in auna zuciya ya tsaya, abin da ke raina shi ne gaskiyar duniya, ba na yarda sai na gani a aikace, da kuma magana mai yawa da ba ta taɓa zuciya. Na yi wata uku ina neman yadda zan faɗe su da Hausa kin faɗa a saƙo ɗaya.

Malam Abu Hafsa:
Assalamu alaikum. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Game da maganar mahaifiyarku ta aljanu, ni ina ruƙiya kuma ina cewa kar a yi faɗa da ita a kan wannan, a bar ta ta yi wa ƴarta addu'a da tofi, babu inda ya hana zuwa asibiti. Abin da ban yarda da shi ba a kai yarinya inda za a ɗaure ta ko a dake ta da sunan fitar da aljani, duk mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa a 2019. Sannan abin da ɗalibar nan ke kira auna zuciya ai muna da shi, Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 12 mu nisanci da yawa daga zato. A riƙa tuna mata ta kyautata wa mijinta zato.

Ƴar Samaru:
Malam Allah ya saka da alheri, ayar ta dace sosai, sai dai akwai ɗan bambanci. Wanda za a ce wa ya nisanci zato sai ya fara gane cewa zato yake yi. Ita a lokacin ba ta san zato ba ne, kun ji ƴar uwa ta ce kamar yadda ta san yau Asabar. Kuma auna zuciya ba lallai kyautata zato ba ne, ƙila mijin da gaske ya gaji, yana yiwuwa. Abin da ake so ta iya cewa "ban sani ba tukuna, bari in tambaye shi".

Admin:
Ba suna ta ƙara: "Malam da girmamawa, an sha karanta min ayar nan ina tsakiyar abin, sai in ji ga ni mara miji kuma ga ni mai zunubi. Washegari in na huce ina iya jinta har in yi kuka. A zaɓi lokaci kawai."

Malam Abu Hafsa:
Na karɓa. Nasiha ma tana da lokacinta, wannan a wajenmu ma sananne ne.

Ummu Sadiq:
To yanzu dan Allah ana warkewa kuwa? Don wata ta ce min hali ne, hali kuwa zanen dutse.

Anty Nas:
Karin maganar nan ta cuci mutane da yawa a wannan fannin, mu ma ma'aikata da haka aka koya mana, in an ga fayil ɗin mai BPD sai a yi tsaki. Bincike ya ƙaryata mu. Mary Zanarini a asibitin McLean kusa da Boston ta bi mutum 290 da aka kwantar da wannan ciwon, bayan shekara 10 kashi 93 cikin 100 sun samu aƙalla shekara biyu a jere da alamomin suka ragu har ba su cika sharaɗin ciwon ba. Amma kar in yi miki daɗin baki, waɗanda suka haɗa da zaman aiki ko karatu da mu'amala mai ɗorewa rabi ne kawai. Ji wa kai ciwo da aikin gaggawa su ke fara tafiya, kaɗaici da tsoron a bar ka su ke daɗewa.

Hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu duk na zama a yi magana ne. Akwai MBT na su Bateman, wato jinyar koyar da auna zuciyar nan, a gwajinsu na farko a Landan a 1999 wata 18 aka yi, mutanen ba su kai 50 ba, amma da aka waiwaye su bayan shekara 8 kashi 13 cikin 100 ne kawai ke da ciwon har lokacin, a ɗaya ɓangaren da aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kashi 87. Akwai DBT na Marsha Linehan a Seattle, wannan koyar da dabaru ne na yadda za ka jure minti talatin ɗin nan na wuta ba tare da ka yi ɓarna ba. Ita Linehan ɗin a 2011 ta fito ta faɗa wa duniya cewa ita ma tana da shekara 17 an kwantar da ita sama da shekara biyu tana ji wa kanta ciwo. Ƙwaya kuwa, hukumar da ke tsara jinya a Ingila tun 2009 ta ce kar a ba da magani don BPD kansa, sai dai in akwai wani ciwon tare kamar baƙin ciki mai tsanani. Likitanku ya yi daidai.

Matsalar ita ce a nan samun wanda ya koyi MBT ko DBT cikakke sai an tona. Ku koma wajen likitan ku ce ya haɗa ku da saikolojis na asibitin, wato masanin halayyar ɗan Adam mai jinya ta hanyar zama a yi magana, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da asibitocin koyarwa suna da sashen. Abin da ya fi sunan hanyar muhimmanci mutum ɗaya ne, rana ɗaya a sati, kar a yi ta canza mata hannu. An canza mata ya isa.

Maman Biyu:
Mijin fa? Shi ma abin tausayi ne gsky, mutum yana wajen nema a turo masa a ba da takarda.

Baban Walid:
Yauwa, na ɗauka ba mai tunawa da shi. Wallahi ba kowane namiji zai jure ba, kuma in ya biye mata ya rubuta a cikin fushi shi kenan igiya ta tafi.

Anty Nas:
Shi ya sa ya kamata a je da shi asibitin ko sau ɗaya. Ba a ce ya bar aiki ya riƙa dawowa duk sanda ta kira ba, in ya yi haka ma ya koya mata cewa sai ta tayar da ƙura ake jinta. Kafin ya fita ya ce ina mitin daga goma zuwa uku, ƙarfe huɗu zan kira, kuma huɗun ta yi ya kira ko da minti ɗaya ne. In ta turo na takarda kar ya amsa maganar takarda, kar kuma ya ce ke mahaukaciya ce ko kin fara ko. Ya ce na ga hankalinki ya tashi, ina nan, huɗu zan kira. Faɗan da bayanin sai ƙura ta lafa. Shi ma yana da haƙƙin ya ce zagi ban yarda da shi ba, amma da safe zai faɗa ba da tsakar rikici ba.

Hajiya Babba:
Ni dai abin da zan ce wa Ummu Sadiq, kar ki ce za ki zame mata komai ke kaɗai, kina da naki gidan. Ki faɗa mata ranar da za ki zo, ranar ta yi ki je ko ana ruwan ƙanƙara. Ranar da ba za ki iya ba kar ki yi alkawari don kunya.

Ummu Sadiq:
Na dawo, ku yi haƙuri kwana biyu shiru. Na tambaye ta abin da Anty ta ce, ta ce tunanin yana zuwa mata amma ba ta shirya komai ba, mun koma asibitin an ba mu ranar Talata da saikolojis, mijin ya ce zai zo amma dai mu gani. Jiya kuma abin ya so tashi, ya ce zai zo ɗaukarta bayan isha'i har tara da rabi shiru, ta fara cewa ai ta sani. Na danne bakina ban ce ƙila go-sulo ba ne, na ce mata me kike ji yanzu a jikinki. Ta harare ni ta ce Yaya kin koyo maganar likitoci ko. Ta yi shiru can ta ce kamar ranar da aka sa ta a motar Gusau. Ban san ta tuna ba wlh, shekararta biyar lokacin. Goma saura ya iso, ashe taya ce ta fashe masa. Ta bi shi, amma jaka ɗaya ta ɗauka, ɗayar tana nan bayan ƙofata ta ce a bar ta tukuna.

Anty Nas:
A bar ta. Ki sanar da mu yadda Talatar ta kasance.